Kwaɗon TikTok ba kayan ado ba ne

Na san ka gani. Kwaɗo kore shar ya lafe a kan ganye cikin akwatin gilashi, ana yi masa feshin ruwa, kiɗa na tashi a hankali. Sakan 30 kacal, sai ka ji kai ma kana so. To, tsaya mu yi magana kafin ka tura kuɗi.

Waɗannan kwaɗi masu hawa bishiya ba irin na bakin kwatarmu ba ne. Mai jajayen idanun nan ɗan dazukan Amurka ta Tsakiya ne. Ƙaton koren da kake ganin kamar yana murmushi kuma daga Ostireliya da Niyu Gini yake, kuma yakan kai shekara 15 a hannun mai kula da shi. Lissafa shekarunka a lokacin.

Haɗa akwatin ba wuya. Dogo ake so a tsaye saboda hawa suke yi, da murfin raga, tsakuwa a ƙasa, zaren ɓawon kwakwa a kai, sai rassa da shuke-shuke. Iya nan ake ɗauka a bidiyo.

Abin da ba a nuna maka shi ne kwaɗo ba ya shan ruwa da baki, ta fatarsa yake tsotsa. Ruwan famfo mai kulorin yana cutar da shi, haka sabulu ko man da ke hannunka. Wato wannan ɗaukar da kake mafarkin yi don hoto, ita ma illa ce. Ga zafi: abin da ya fi so digiri 24 zuwa 29 ne, mu kuwa a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ana wuce 40. Aka ɗauke wuta da rana, gilashin ya zama tanda. Hunturu ya zo, kullum kana feshi, danshin na gudu.

Abinci fa? Gyare mai rai, a barbaɗe shi da garin kalsiyam, in ba haka ba ƙasusuwansa su yi laushi. Ba tuwo, ba ragowar shinkafa.

Ni a ganina, in ba ka da wuta tsayayya da inda za ka riƙa samun gyare duk mako, haƙura. Haɗa akwatin da shuke-shuke kawai, ya yi kyau a hoto, ba ran da zai tafi. In ka koma makaranta, Umma ce za ta bi gyare a tsakar gida?