Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Jihar Katsina



Akwai ciwon da ke shiga ƙananan asibitocinmu na Funtuwa, Malumfashi, Bakori da Kafur kullum, ya fita da ƙullin maganin zazzaɓi. Manomi zai zo da faɗuwar gaba, ciwon kai, ɗaurewar wuya da rashin barci. A gwada jini, ba maleriya, ba taifot, amma a sallame shi da allura. Bayan sati biyu ya dawo.

Likitoci na kiran wannan ciwon fargaba mai yawa: damuwar da ta ƙi saki wata shida ko fiye, kan kuɗin taki, bashi, lafiyar yara, komai da komai. Wanda ya ga sace ɗaliban Ƙanƙara a Disamban 2020, ko yake noman masara yana waiwaye, ba sai an gaya masa mafarinta ba.

Gano shi ba ya buƙatar na'ura. Takardar GAD-7 tambayoyi bakwai ce kacal. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da fargaba cikin jagoranta na mhGAP, wanda aka tsara domin ma'aikatan da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba.

Ku horar da ma'aikatanmu su yi tambayoyin da Hausa, su auna hawan jini, su duba maƙoƙo, su koya wa majinyaci dabarun numfashi da sarrafa tunani. Ku ajiye fluoxetine a ɗakin magani. Diazepam kuwa a rage rubuta shi, domin jiki na sabawa da shi.

Don Allah ku fara kafin damina.

Naku,
Wani mazaunin Malumfashi