Batirin Keken Lantarki: Wa Ke Da Alhaki?

Gobarar da ta tashi a wani kantin kekunan lantarki a birnin New York na Amurka cikin watan Yuni na 2023, wadda ta halaka mutum huɗu, ta ƙara jawo hankalin hukumomi ga batirin litiyam. Daga watan Satumba na shekarar, dokar birnin ta hana sayar da keke ko batirin da ba shi da shaidar inganci.

Amma fa mai keke shi ne zai fara ganin alama: batiri ya kumbura, ko ya yi zafi da ƙauri lokacin caji, ko wutarsa ta ƙare da wuri. Batiri mai bolt 36 idan ya cika yakan nuna kusan 42 a ma'auni. In ya gaza haka ƙwarai, sai a gwada wata caja irin tasa kafin a ɗora masa laifi. Wanda ya kumbura kuwa, kada a sake jona shi.

Daga nan sai wurin mai kanti, da rasit da takardar garanti. Kada a ɓalle murfin batirin, domin masu sayarwa sukan fake da haka su ƙi musanyawa. Wanda ya sayi na araha ba takarda, shi ke da hasara, don kuwa araha ba ta ado.