Daga kaset zuwa data: Wa ke biyan kuɗin fim ɗin da kake kallo?

Yaushe rabonka da sayen faifan fim? Idan kai sa'ana ne, ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ƙila tun kana firamare. Ka bi ta Bata ko Ƙofar Wambai, inda a da fastocin fina-finai ke rufe bango, za ka ga caja da gilashin waya sun ci kasuwar. Kallon fim bai ragu ba, biyan kuɗinsa ne muka daina, kuma ƙananan masu shiryawa ne ke shan wuyar.

Ka san fa da ƙaramin jari Kannywood ta fara. Kafin kaset, mai son fim a Kano sai ya je sinima: Plaza da Wapa a Fagge, Eldorado da Rex a Sabon Gari. Yawanci fina-finan Indiya da na Cana ake haskawa, matan aure kuwa ba su zuwa. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset, shekara biyu kafin Living in Bondage na 'yan Kudu. Kaset ya shigar da fim har tsakar gida, mata suka zama manyan masu saye. Zuwa 1999, lokacin da mujallar Tauraruwa ta raɗa sunan Kannywood, abin ya zama sana'a sosai.

Ga yadda kuɗin ke zagayawa a wancan zamani. Furodusa ya gama fim, ya buga kwalayen kaset, ya kai wa dillalai. Su sayi kwalin, su kwafi fim ɗin a kaset, su sayar. Tsarin yana da nasa ƙorafe-ƙorafen, amma duk kwalin da ya fita, wani abu ya shiga aljihun mai fim. Shi ya sa matashi zai haɗa 'yan kuɗinsa, ya yi fim ɗaya, ribar ta haifi na biyu.

Sai ga 'yan dawunlodi. Ka miƙa waya ko memori, a tura maka fim biyar da kuɗin da bai kai na faifai ɗaya ba, mai fim ko sisi. Fassarar fina-finan Indiya ta ƙara raba masu kallo. Kasuwar faifai ta durƙushe, masana'antar ta koma talabijin da intanet. Arewa24 ta fara aiki a 2014, sannan a 2020, shekarar korona, Izzar So da Labarina suka nuna cewa fim mai dogon zango zai iya riƙe mutane mako-mako.

To amma YouTube ba Ƙofar Wambai ba ce. Kafin tasha ta fara cin kuɗin tallar da ake sakawa cikin dogon bidiyo, sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda. Bayan nan ma kashi 55 cikin ɗari ne nata, kuma tallar da ake nuna wa mai kallo a Najeriya ba ta kai ta Amurka ko Ingila tsada ba. Ka ga dalilin da ya sa ake jan labarin da ya kamata ya ƙare a awa biyu har zango biyar. Ka ga dalilin da ya sa fuskokin da aka sani kawai ake ta maimaitawa: baƙuwar fuska ba ta jawo dannawa.

Ga kuma batun tacewa. A watan Mayun 2025, Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22, har da Labarina da Daɗin Kowa, kan zargin sakinsu ba a tace ba. Babban kamfani zai iya jure tsaikon 'yan makonni. Yaron da ya ranto kuɗin hayar kyamara fa?

A nan ne maganar ta zo kanmu. Kullum muna Facebook da TikTok muna cewa fina-finanmu ba sabon labari, daga soyayya sai kishiya. Amma mu ne dai ke karɓar sabon fitowa ta Xender ko Telegram. Duk wanda ya kalla ta can, a lissafin mai fim bai kalla ba.

Ba na ce ka kashe kuɗin da ba ka da shi ba, ni ma ɗalibi ne, na san zafin data. Amma idan za ka kalla, ka kalla a tashar mai shi. Idan ya burge ka, ka tura wa abokanka adireshin, kada ka tura bidiyon. Sau ɗaya a wata, ka nemi fim ɗin da ba ka san ko mutum ɗaya a cikinsa ba, ka ba shi minti ashirin. Iyayenmu mata da kuɗin adashi da na ƙuli-ƙuli suka raini Kannywood, kaset bayan kaset. Yanzu renon ya dawo hannunmu.