Bakin Wuƙa da Gaggawar Injin Washi

Labarin da muka gada ya ce sai da Bayajidda ya tsaya a Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, kafin ya iso rijiyar Kusugu ya sare kan macijiya. Saboda haka abin damuwa ne a ce a masarautar Daura ana neman manta yadda ake wasa wuƙa.

Wuƙaƙen da mahautanmu suka fi riƙewa iri biyu ne: ta maƙera, wadda galibi daga tsohon sifirin mota ake ƙera ta, da ta kamfani mai baƙin shafe a jiki. Duka biyun ƙarfe ne mai sinadarin kabon, mai ɗaukar kaifi ƙwarai, amma mai saurin tsatsa. Don kare tsatsar aka yi shafen. Ba ya ƙara kaifi, kuma washin farko ke kankare shi daga baki.

Idan aka wasa wuƙa a dutse, hannu yakan ɗan karkata a kowane ja, sai bakin ya fito da ɗan doro ta gefe biyu, irin na gatari. Wannan doro shi ke tokare wa kaifin baya, shi ya sa wuƙar ke haɗuwa da ƙashi ba ta ɓantare ba. Injin washi kuwa, da yake dutsensa kewayayye ne, ƙwaƙule gefen yake yi, ya bar baki siriri marar majingina.

Ɓarnar zafi ta fi wannan muni. Da zarar bakin ya haura digiri 200 a ma'aunin Salsiyos, launinsa zai fara komawa ruwan ƙasa, a wajen digiri 300 kuma ya yi shuɗi. A nan taurin da maƙeri ya sha wuya ya ba ƙarfen ya ragu. Wuƙar za ta yi kaifi yau, gobe ta dakushe, a sake kai ta inji, har ta ƙare.

Asarar ba ta tsaya kan jarin mahauci ba. Musulunci ya umarci mai yanka ya kaifafa wuƙarsa don sauƙaƙa wa dabba. Ragon da aka sayo da tsada a kasuwar Mai'aduwa bai cancanci azabar dakusasshiyar wuƙa ranar layya ba.

Ban ce a jefar da inji ba. A sassauta danna wuƙa a kansa, a riƙa tsoma ta a ruwa, a ƙarasa a dutse, a goge a fata kamar yadda wanzamai ke yi wa aska, sannan a shafa wa bakin mai.

Ina kira ga sarakunan maƙera da na fawa, tare da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura, su haɗa matasa masu injin da dattawan sana'a tun suna raye. Ilimin da ke hannun tsoho, in ba a karɓa ba, da shi ake binne shi.