HALIMATU AYINDE: GUMIN 'YAR TSAKIYA DA BA A YI WA TAFI

Yau na ɗan ajiye zancen littattafai, domin in yi tsokaci a kan wata 'yar wasan ƙwallon ƙafa da nake ganin ba mu yi mata adalci ba, wato Halimatu Ayinde, haifaffiyar Kaduna a shekarar 1995.

Duk mai kallon ƙwallo ya san sunan Asisat Oshoala. A gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 da aka yi a Kanada a 2014, Asisat ta ci ƙwallo 7, ta kwashe kyaututtuka, kuma ta cancanta. Amma a wannan ƙungiya da ta kai wasan ƙarshe, Jamus ta doke ta da ci 1-0 bayan ƙarin lokaci, akwai wata yarinya 'yar shekara 19 a tsakiyar fili. Aikinta shi ne ta ƙwace ƙwallo daga ƙafar abokan hamayya, ta toshe hanya, ta miƙa wa na gaba. Idan ta yi daidai babu mai ambaton sunanta, idan kuwa ta kuskure kowa ya gani.

Haka rayuwar wasanta ta kasance. Daga Delta Queens ta tafi Western New York Flash ta Amurka a 2015, ba ta daɗe ba aka sallame ta. Wata da ta tattara komatsanta ta dawo gida ke nan, amma ita sai ta nufi Minsk ta ƙasar Belarus, daga can ta wuce Suwidin, ta fara da ƙaramar ƙungiya, ta taka Eskilstuna, har ta kai Rosengård a 2022.

To amma me mutane suka fi riƙewa game da ita? Jan katin da aka ba ta a Rabat a 2022, a wasan kusa da na ƙarshe da Maroko. An kore ta, aka kori Rasheedat Ajibade, Nijeriya ta ƙarasa da mutum 9, aka fitar da ita a bugun fanareti. Ban ce ba ta yi laifi ba, domin kuwa katin ya cutar da ƙungiya, har ya hana ta buga wasan farko a gasar duniya ta 2023. Sai dai laifin tudu ne ya taka, idan za a auna mutum da rana ɗaya. Me ya sa ba a tuna wasan Ingila a Birisben, inda ta manne wa Lauren James, tauraruwar da ta addabi kowa a gasar, ta hana ta sakat har aka tashi babu ci? A 2025 kuma, a wannan birni na Rabat da aka kore ta, tana cikin waɗanda suka rama ci 2, suka doke Maroko 3-2, suka ɗauko wa Nijeriya kofin Afirka karo na 10.

Na san wasu za su ce ƙwallo ba sana'ar 'ya mace ba ce, musamman a nan Arewa. Wannan muhawara ce mai zaman kanta, kuma kowane uba ya fi kowa sanin gidansa. Amma ko wanda bai yarda da sana'ar ba, ai ba zai ƙi ganin juriyar yarinyar da aka kora daga aiki a baƙuwar ƙasa, ta shiga ƙasashen ƙanƙara, ta shekara fiye da 10 tana riƙe da gurbinta ba.

Ina kira ga marubutanmu, masu neman jaruma kullum a gidan attajiri, su leƙa irin wannan rayuwa. Akwai labari a cikinta.

Allah Ya sa mu dace. Wassalam.