Tsaron Arewa Daga Bakin Teku Yake Farawa

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bangon Nijeriya kuwa tashoshin jiragen ruwanta ne, kuma ya sha tsagewa.

A watan Oktoba na 1988 ba a gama mantawa da gubar da aka jibge a Koko daga Italiya ba. A watan Oktoba na 2010 kuma aka buɗe kwantena 13 a tashar Apapa waɗanda takardunsu suka ce kayan gini ne, sai ga rokoki da gurneti daga Iran. A watan Janairu na 2017 jami'an Kwastan suka tare wata kwantena ɗauke da bindigogi 661, amma a kan titin Ikko, bayan ta riga ta fita daga tasha. A 2024 ma an kama bindigogi 844 a tashar Onne ta Jihar Ribas. Waɗannan su ne dubunsu ta cika. Nawa suka sulale?

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A ƙarshen 2013 aka miƙa wa Kwastan na'urorin haska cikin kwantena, galibinsu suka lalace, aka shekara da shekaru ana bincike da hannu. Inda kaya suka yi cunkoso, mai kaya yana gaggawa, ma'aikaci ya gaji, nan cin hanci ke samun ƙofa.

Kada 'yan Arewa mazauna Agege da Sabon Ibadan su ɗauka wannan matsalar mutanen bakin teku ce. Bindigar da ta tsallake Apapa, tafiyar 'yan kwanaki ce tsakaninta da Uke a hanyar Abuja zuwa Keffi, ko dazuzzukan Zamfara. Ga shi an buɗe tashoshin tudu a Kaduna a 2018 da Dala ta Kano a 2023, domin kaya su iso Arewa a kulle.

Saboda haka wajibi ne Gwamnatin Tarayya ta tabbatar kowace tasha, ta ruwa da ta tudu, tana da na'ura mai aiki da kuɗin gyaranta, a kuma hukunta duk jami'in da ya sa hannu a kan abin da bai duba ba. Direbobi da 'yan dako kuwa, su guji kayan da aka ninka musu lada ba dalili. Watakila ƙauyen mahaifansu za su.