Ƙayyade Lokacin Sayar da Giya: Darasi Daga Birnin Sidni

Hausawa na cewa dare mahutar bawa, amma ga likitan da ke sashen gaggawa ko ɗan sandan da ke sintiri a manyan biranen duniya, tsakar daren ƙarshen mako shi ne lokacin da aiki ke kai musu iya wuya. A lokacin ne mashaya ke tuttuɗowa daga gidajen giya, 'yar magana ta zama zagi, zagi ya zama dambe, wani ya kwana a asibiti, wani kuma a ɗakin ajiye gawa. Ra'ayina shi ne ƙayyade sa'ar da za a daina sayar da giya yana rage wannan ta'asa, kuma abin da ya faru a ƙasar Ostireliya ya isa hujja.

A watan Maris na 2008, hukumomin jihar New South Wales suka tilasta wa mashaya 14 da ke tsakiyar garin Newcastle su riƙa rufewa da ƙarfe 3 na dare maimakon 5 na asuba, daga baya aka sassauta zuwa 3:30. Masu bincike ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kypros Kypri suka kwatanta yankin da unguwar Hamilton da ke maƙwabtaka da shi, wadda dokar ba ta shafa ba, suka gano cewa kai wa mutane hari da dare ya ragu da kashi 37 cikin 100. Hikimar abin ba ta da wuyar fahimta. Duk sa'ar da aka ƙara, maye ƙaruwa yake yi, hankali yana daɗa gushewa, motocin haya suna ƙaranci, jama'a kuma suna cunkushewa a bakin titi. Wani binciken da aka yi a garuruwa 18 na ƙasar Norwe, aka wallafa a 2012, ya nuna ƙarin sa'a guda kan lokacin sayarwa yana zuwa da ƙarin hare-hare na kimanin kashi 16 cikin 100. A garin Diadema na ƙasar Birazil kuwa, hana sayar da giya bayan ƙarfe 11 na dare da aka fara a 2002 ya rage kisan kai da kusan mutum 9 a kowane wata.

Birnin Sidni bai farga ba sai da aka yi asarar rai. A 2012, da kuma daren shiga 2014, an naushi wasu samari biyu 'yan shekara 18 a unguwar Kings Cross, kowannensu ya faɗi kansa ya bugu da ƙasa, ya rasu. A watan Fabrairu na 2014 gwamnatin Firimiya Barry O'Farrell ta kafa doka mai rassa biyu a tsakiyar birnin: daga ƙarfe 1:30 na dare ba a barin sabon mai shiga mashaya, daga ƙarfe 3 kuma a daina zuba giya. Asibitin St Vincent's da ke kusa da unguwar ya ga raguwar munanan raunukan da ke da nasaba da giya da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, alƙaluman hukumar ƙididdigar laifuka ta jihar kuma suka nuna hare-hare a Kings Cross sun ragu da kusan rabi.

To, mai karatu zai tambaya, in haka ne me ya sa aka janye dokar daga tsakiyar birnin a Janairun 2020, daga Kings Cross kuma a Maris na 2021? Masu adawa suna da hujjojin da bai kamata a yi watsi da su ba. Sun ce an durƙusar da gidajen kiɗa da sana'o'in dare, an kuma kora rigima zuwa wasu unguwanni kamar Newtown, ga shi kuma samarin nan biyu tun kafin tsakar dare aka kai musu hari. Gaskiya ne hare-hare sun ƙaru a wasu unguwannin kewaye, sai dai a shekarun farko ƙarin bai kai ragin da aka samu ba.

A nan ne batun suna ya shigo. Jama'a da 'yan jarida sun laƙaba wa dokar sunan "dokar kulle ƙofa", alhali kulle ƙofar shi ne reshen da ya fi rauni. Shaidar haka ita ce unguwar Hamilton, inda aka ɗora kulle ƙofa a 2010 ba tare da rage sa'ar rufewa ba, kuma masu bincike ba su ga wani canjin a zo a gani ba. Reshen da ke da ƙwaƙƙwarar hujja shi ne na daina sayarwa, amma sunan ya sa mutane suna kallon dokar a matsayin hana baligi shiga inda yake so. Su kansu 'yan ƙasar sun san tasirin suna, domin bayan harin da aka kai wa saurayi na biyu sun yi gangamin a daina kiran irin wannan naushi "bugun sarki", a koma kiransa "naushin matsoraci".

Na san da yawa daga cikin masu karatu za su ce maganin abin shi ne a hana giya baki ɗaya. Amma a birane irin su Abuja da Jos da Legas, inda doka ta yarda a sayar da ita, ana buƙatar matakin da kowa zai iya amincewa da shi, mai sha da marar sha, tunda wanda kwalba ta fasa wa kai ba lallai ne mashayi ba. Shawarata ga hukumomin irin waɗannan birane ita ce su tsayar da sa'a guda ta daina sayarwa, ta shafi gari gaba ɗaya don kada rigima ta yi ƙaura daga unguwa zuwa unguwa, su tattara alƙaluman asibitoci da na 'yan sanda kafin dokar da bayanta, sannan su bayyana wa jama'a sakamakon kowace shekara. Dokar da jama'a ba su ga amfaninta da idonsu ba, ko da tana ceton rayuka, ba ta daɗewa.